Ƙafa a Ƙasa, Hoto a Zuci: Abin da Ya Haɗa Tsayuwa da Tunanin Wuri

Ka tari mutum yana tafe ka tambaye shi sunansa ko ranar da ake ciki, zai ba ka amsa bai ko rage sauri ba. Amma ka ce masa, "In na fita ta ƙofar baya na yi hagu, babban titi yana gabana ne ko yana bayana?" sai ka ga ya ja ya tsaya. Wani zai karkatar da kai, wani ya murɗa kafaɗa, wani ma sai ya juya gaba ɗaya ya fuskanci inda yake ƙiyastawa kafin ya buɗe baki. In tsoho ne, sau da yawa hannunsa kan kai ga bango tukuna. Tambayar ba ta da wani nauyi, kuma ba da ƙafa ake amsa ta ba. To me ya kawo ƙafa cikin maganar?

Abin da nake so in fayyace ke nan. Riƙe jiki a tsaye da juya hoton abu a zuci ayyuka ne da mutum zai ɗauka sun yi hannun riga, ɗaya na tsoka, ɗaya na tunani. Amma tambaya guda suke jiran amsarta daga ƙwaƙwalwa: ina ne sama, ina ne ƙasa, kuma ni ina na fuskanta?

Mu fara da tsayuwar. Babu mai tsayuwa cak kamar turke. Jikin mutum dogo ne, nauyinsa ya taru can sama da rabin tsawonsa, ga shi an ɗora shi a kan 'yan tafin ƙafa biyu. Kamar sanda ce da aka tsayar a tafin hannu, kullum tana shirin faɗuwa, kullum ana taro ta. In aka ɗora mutum a kan faifan awo mai gane inda nauyi ya danna, za a ga ɗigon nauyin nasa yana yawo gaba da baya, hagu da dama, 'yan milimita kaɗan, ba ya hutawa. Tsokokin sha-raɓa da na idon sawu ne ke yin wannan gyara a ɓoye, in tangaɗin ya yi yawa ƙugu ya shigo, in ya fi haka a jefa ƙafa.

Labarin da ake gyaran da shi ta hanya uku yake zuwa. Akwai ido. Akwai jin jiki, wato saƙon da tsoka da gaɓoɓi da fatar tafin ƙafa ke aikawa cewa ga yadda aka lanƙwasa, ga inda aka danna. Sai kunnen ciki, wanda ba ji kaɗai ne aikinsa ba. A cikin ƙashin kai, ta kowane ɓangare, akwai 'yan bututu uku masu siffar zobe, cike da ruwa, kowanne ya kalli wata fuska daban, ta yadda duk inda kai ya juya sai ruwan ɗayansu ya motsa ya taɓa wasu siraran gashi. Kusa da su akwai 'yan jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙananan tsakuwoyi, su ke gane karkata da jan ƙasa da tafiya a miƙe. Kana iya ganin aikinsu yanzu: kafa ido a kan wannan rubutu ka girgiza kai hagu da dama, za ka ci gaba da karantawa. Tsayar da kan, ka girgiza allon da irin wannan sauri, sai haruffan su cakuɗe. A karon farko kunnen ciki ne ya gaya wa ido yadda zai juya kafin ma hoton ya goce.

Ƙwaƙwalwa ba ta ba waɗannan uku amana daidai wa daida a kowane lokaci. A kan daɓe mai ƙarfi da haske, jin jiki ne kan gaba. A kan katifar soso ko cikin jirgin ruwa sai ta rage yarda da ƙafa ta koma ga ido da kunne. Tun a shekarun 1840 likitan nan na Jamus, Moritz Romberg, ya lura cewa marasa lafiyar da cuta ta lalata musu hanyar jin jiki a lakar baya suna iya tsayuwa ido buɗe, amma da sun rufe ido sai su yi luu za su faɗi. Har gobe likitoci na yin wannan gwaji da sunansa. A 1974 kuma David Lee da Eric Aronson suka saka yara masu koyon tafiya a wani ɗaki da bangonsa ke motsi alhali daɓen yana nan daram. Da bangon ya matso, yaran suka yi tangal-tangal, wasu suka zube. Ba wanda ya taɓa su. Ido ne ya ce musu suna faɗuwa, suka gyara abin da bai ɓaci ba.

Wannan ya nuna cewa tsayuwa lissafi ce. Ƙwaƙwalwa tana riƙe da wani hoto na jiki a cikin sarari, tana sabunta shi kowace daƙiƙa.

Yanzu ga ɗaya aikin. A 1971 Roger Shepard da Jacqueline Metzler na Jami'ar Stanford a Amurka suka buga wani gwaji da ya zama ginshiƙi a ilimin tunani. Sun zana siffofi da aka haɗa da 'yan tubala goma-goma, masu lanƙwasa kamar gwiwar hannu, suka riƙa nuna su bibbiyu. Aikin mai kallo shi ne ya faɗa ko siffa ɗaya ce aka juya, ko kuwa ɗayar hoton madubin 'yar'uwarta ce. Mutum 8 ne suka yi gwajin, kowanne ya duba tagwayen hotuna 1,600. In siffofin suna fuska ɗaya, amsa kan fito cikin kamar daƙiƙa 1. In an juya ɗaya ta kife gaba ɗaya, wato digiri 180, sai a kai daƙiƙa 4 zuwa 6. Abin da ya ba kowa mamaki shi ne tsakanin: lokacin yana ƙaruwa a jere, daidai gwargwadon girman juyin, kusan digiri 60 a kowace daƙiƙa. Wato mutum ba tsalle yake yi daga wannan hoto zuwa wancan ba. Juya abin yake yi a zuci, sannu a hankali, yana bi ta kowace kusurwa kamar yadda hannu zai yi da abu na gaske.

Da wannan baiwa ake shigar da tebur ta ƙofa a zuci kafin a ɗaga shi, da ita direba ke ƙiyasta ko motarsa za ta shiga tsakanin motoci biyu, da ita likitan fiɗa ke karanta hoton cikin jiki, mai zanen gini kuma ya ga ɗaki daga takarda.

Daga baya aka gano cewa hannu da ƙafa ba su fita daga lissafin ba. Lawrence Parsons, a 1987, ya nuna wa mutane hotunan hannu a juye iri-iri yana tambayar na dama ne ko na hagu. Gwada da kanka: ka ƙiyasta hannu tafinsa na kallonka, yatsu sun yi ƙasa, babban yatsa ya nuna dama. Za ka ji wuyan hannunka yana son murɗawa. Abin da Parsons ya samu ke nan. Amsa takan yi jinkiri idan yanayin da hoton ya nuna mai wuyar yi ne da hannun gaske, ko da kuwa kusurwar ba ta da girma. Mutum yana kai hannunsa ne a zuci, kuma hannun zuci yana girmama iyakar gaɓoɓi. A 1998 Mark Wexler da Stephen Kosslyn da Alain Berthoz suka sa mutane suna juya wata sandar sarrafawa da hannu, ba tare da suna ganin hannun ba, a daidai lokacin da suke juya siffa a zuci. In hannu da tunani sun bi gefe ɗaya, amsa ta fi sauri kuma kuskure ya ragu. In suka saɓa, aiki ya yi nauyi.

A nan akwai wani bambanci da yawancin masu bayani kan tsallake, alhali a ganina shi ne mabuɗin maganar duka. Juyi a zuci iri biyu ne. Akwai wanda kai kana nan inda kake, abin ne kake juyawa, kamar harafin da aka kife. Akwai kuma wanda abin yana nan, kai ne kake ɗauke kanka ka sake mazauni: mutum ya fuskance ka ya ɗaga hannu, aka ce wane hannu ne, sai ka shiga rigarsa ka juya ka tsaya yadda ya tsaya. Mai ba da kwatancen hanya da muka fara da shi, wannan na biyun yake yi. Kuma shi ne ya fi kusa da tsayuwa, domin kunnen ciki bai san komai game da tebur ko harafi ba. Juyin kanka da jikinka ya sani.

Shaidar farko mai ƙarfi cewa ayyukan biyu suna cin karo ta zo a 1985, daga Beth Kerr da abokan aikinta. Sun ɗaure wa ɗalibai ido, suka tsayar da su ƙafa ɗaya gaban ɗaya, dunduniya na taɓa yatsu, tsayuwar da ke sa mutum rangaji nan take. Sannan suka ba su aikin hadda iri biyu. A na farko mutum zai ƙiyasta allo mai gida huɗu-huɗu, ana ce masa sa 1 a nan, matsa dama sa 2, hau sama sa 3. A na biyu jimlolin iri ɗaya ne, amma an cire dama da hagu da sama da ƙasa an sa kalmomin da ba su nuna wuri. Wannan tsayuwa mai wuya ta rage musu ƙoƙari a aikin allon, amma ba ta taɓa ɗayan ba. Da a ce hankali ne kawai ya rabu biyu, da duka ayyukan sun sha kashi. Ashe ba kowane tunani tsayuwa ke takura wa ba, tunanin wuri take yi wa kishiya.

In aka leƙa ƙwaƙwalwa, abin ba ya ba da mamaki. Gani yana da unguwarsa a ƙeya, ji yana da tasa, amma saƙon daidaito daga kunnen ciki ba shi da gida guda nasa shi kaɗai. Yana warwatsuwa ne, kuma kaso mai yawa yana sauka a yankin da ke sama da kunne zuwa bayansa, inda labarin ido da na taɓawa da na gaɓoɓi ke haɗuwa. Hotunan ƙwaƙwalwa sun sha nuna cewa sashen saman kai ta baya, maƙwabcin wannan yanki, yana kunnuwa idan ana juya siffa a zuci. A 2002 Olaf Blanke da abokan aikinsa a Suwizalan suka ba da rahoton wata mai farfaɗiya da aka sa wa wayoyi a ƙwaƙwalwa ana neman tushen ciwonta. Da aka ɗan sakar wa wani wuri a wannan yanki lantarki ta dama, sai ta ce tana jin tana nutsewa cikin gado ko tana faɗowa daga sama. Da aka ƙara ƙarfi, ta ce tana hango jikinta a kwance daga bisa. Bayan shekara uku Blanke ya nuna cewa in aka dagula aikin wannan yanki na ɗan lokaci da maganaɗisu a masu lafiya, sukan yi jinkiri wajen juya kansu a zuci, amma juya haruffa bai samu matsala ba. Inda ake jin faɗuwa, nan ake sake mazauni a tunani.

Tawagar Fred Mast, wani mai bincike a Suwizalan, ta bi ta wata hanyar. Sun gwada mutane a jirgin sama mai hawa da sulmiyowa, wanda ke ba da kamar daƙiƙa 20 na rashin nauyi a kowane zagaye. A waɗannan daƙiƙoƙi tsakuwoyin kunne ba su da ƙasan da za su nuna, kuma juya jiki ko gaɓa a zuci ya ƙara wuya. Sun kuma samu cewa marasa lafiyar da kunnen cikinsu ya daina aiki ta ɓangare biyu suna shan wahala a irin waɗannan gwaje-gwaje fiye da masu lafiya.

Binciken da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Thomas Brandt da abokan aikinsa a birnin Munich na Jamus, 2005. Sun duba mutum 10 da aka yanke wa jijiyar daidaito ta kunnuwa biyu saboda ƙari. Wani sashe na ƙwaƙwalwarsu mai suna hipokampus, wanda ke riƙe taswirar wuri, ya ƙanƙance da kusan kashi 17 cikin 100 in aka kwatanta da masu lafiya. A gwajin neman hanya a kwamfuta, inda suke zaune ba sa motsa kai ko kaɗan, sun kasa tuna inda abu yake kamar sauran, alhali sauran haddarsu lafiya lau. Wannan sashe shi ne inda John O'Keefe ya gano, a 1971, ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da ke kunnuwa idan ɓera ya isa wani takamaiman wuri, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2014 tare da May-Britt Moser da Edvard Moser. Akwai kuma wasu ƙwayoyin masu aiki kamar kamfas, kowacce da fuskar da take wakilta, kuma an nuna a ɓeraye cewa in aka kashe kunnen ciki wannan kamfas ɗin yakan rikice. Shi ya sa raina ke sosuwa idan mai fama da jiri ya ce yana ɓata a hanyar da ya sani, ko kansa ya yi dumm ba ya iya bin kwatance, aka ce masa damuwa ce kawai. Koken nasa yana da tushe a jijiya.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar. Da maganar ta tsaya a kan cewa taura biyu ba ta taunuwa, da duk wanda aka ba aikin juya siffa yana tsaye sai tangaɗinsa ya ƙaru. Ba haka ake samu kullum ba. A matasa masu lafiya, sau da yawa tangaɗin raguwa ma yake yi. Petra Jansen da abokan aikinta a Jami'ar Regensburg ta Jamus sun ga haka da suka kwatanta masu juya hoto a zuci da masu tsayuwa kawai suna kallon alama a allo. A Japan kuma Tsubasa Kawasaki da Takahiro Higuchi sun ba da rahoton cewa bayan mutane sun yi ta tantance hotunan ƙafa a juye, ta dama ce ko ta hagu, tsayuwarsu a ƙafa ɗaya ta ƙara nutsuwa, abin da hotunan mota ba su haifar ba.

Ana ba da dalilai fiye da ɗaya, kuma ba sa kore juna. Mutumin da aka ce wa "tsaya cak" yakan sa wa jikinsa ido, ya riƙa katsalandan a aikin da jiki ya fi iyawa in an ƙyale shi. Da an ba shi abin tunani sai ya saki linzami. Na biyu, mai duban hoto da kyau yana buƙatar kansa ya nutsu domin ido ya gani, sai jiki ya rage motsi don ya yi wa ido hidima. Na uku, wani yakan sandare ne kawai, ya ƙanƙame tsokokinsa. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin faifan awo zai nuna ɗan motsi kaɗan, amma sandararren jiki ba shi ne mai daidaito ba. A ture shi kaɗan a ga yadda zai kare. Don haka duk wanda ya ce maka "tangaɗi ya ragu, daidaito ya ƙaru" kai tsaye, ya yi gaggawa.

Wani bincike da Oliver Huxhold da abokan aikinsa suka yi a birnin Balin na Jamus a 2006 ya ɗan daidaita wannan tufka da warwara. Aikin tunani mai sauƙi ya rage tangaɗi ga matasa da tsofaffi duka. Da aikin ya yi wuya, tangaɗin tsofaffi ya ƙaru, na matasa bai ƙaru ba. Wato akwai wani rara da ƙwaƙwalwa ke da shi. Muddin tsayuwa tana tafiya da kanta, tunani ba ya cutar da ita. Ranar da ido ya raunana, tafin ƙafa ya daina ji sosai, gashin kunnen ciki suka ragu, sai tsayuwa ta fara cin wannan rarar, a nan ne rabon ya zama na gaske.

Tambayar da kowa ke so ya yi ita ce: in na horar da ɗaya, ɗayan zai ƙaru? Akwai alamar haka. A 2017 Ann-Kathrin Rogge da abokan aikinta a birnin Hambug na Jamus suka raba mutum 40, 'yan shekara 19 zuwa 65, gida biyu. Rukuni ɗaya ya yi atisayen daidaito sau biyu a mako har mako 12, ɗayan ya yi atisayen sassauta jiki. Masu daidaiton sun ƙaru a hadda da tunanin wuri, ba tare da ƙarfin zuciya da huhunsu ya canza ba, wanda ke nuna ba gudu ko haki ne ya kawo ribar ba. An kuma sha samun 'yan wasan alkafura da 'yan kokawa suna fin wasu a gwajin juya siffa. Amma ni ba zan sayar wa kowa wannan a matsayin maganin kaifin basira ba. Mutum 40 ba su da yawa, kuma game da 'yan wasa, mai yiwuwa ne waɗanda Allah ya ba baiwar tun farko su ne suka daɗe a wasan. Atisayen daidaito yana da ribarsa tabbatacciya wadda ba ta buƙatar ado: yana rage faɗuwa.

Faɗuwa kuwa ba ƙaramin abu ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadinta, kuma 'yan sama da shekara 60 ne suka fi yawa a ciki. A 1997 Lillemor Lundin-Olsson da abokan aikinta a Suwidin suka yi wani abu mai sauƙi a gidan kula da tsofaffi: suna rako mutum sai su ja shi da hira, su ga ko zai tsaya. Cikin mutum 58, 12 sun tsaya da aka fara magana. A wata shida da suka biyo baya, 10 daga cikin 12 ɗin nan sun faɗi.

Saboda haka ne masu gashin ƙashi da likitocin tsofaffi ba sa wadatuwa da ganin mutum ya tsaya shiru a ɗakin gwaji. Sukan sa shi ya tashi daga kujera, ya taka mita 3, ya juyo ya zauna, a auna lokaci, sannan ya maimaita yana ƙirga lambobi da baya ko yana riƙe da kofin ruwa. Tazarar da ke tsakanin awon farko da na biyu ita suke dubawa. In ta yi faɗi, atisayen da za a ba shi ma haɗe ake yin sa: ya tsaya a kan soso kusa da abin dafawa, wani na gefensa, yana kwatanta hanyar ɗakin kwanansa zuwa ƙofar gida, sannan ya kwatanto ta daga ƙofa zuwa ɗaki.